Takardar likitan ido ba ta jira



Tun da ka fara koyon karatu, ka lura takardu iri-iri na shigowa gida. Akwai takardar haihuwa. Akwai katin rigakafin yara. Akwai wasiƙar ɗan uwa da ya tafi ci-rani. Akwai kuma wata ƙaramar takarda da ma'aikacin lafiya ke rubutawa, ya miƙa maka, ya ce: «Kai wannan babban asibiti, wurin likitan ido.» Ita ce takardar turawa.

Sau da yawa wagga takarda ba ta isa inda aka aike ta. Tana kwana cikin aljihu. Tana shiga ƙarƙashin katifa. Mutum ya dubi idonshi, ko idon ɗanshi, ya ga fari tas, ba ja, ba kwantsa, ba zafi. Sai ya ce: «Ido lafiya lau, mi zai kai ni Zinder?»

Darasinmu na yau shina magana bisa ciwon ido guda biyu da ba su nuna kansu. Na farko shina kama bakwaini, wato jaririn da aka haifa watanninshi ba su cika ba. Na biyu shina kama manya, shi ne hawan jinin ido. Duka biyun suna makantarwa. Duka biyun ana iya tare su in an je da wuri. Makantar da suke kawowa kuwa, in ta zauna, ba ta tashi.

1. Yadda idon jariri ke ginuwa

Cikin mace shina ɗaukar sati 40, wato wata 9 da ƴan kwanaki. Jaririn da ya zo kafin sati 37, an haife shi kafin lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekara ta 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13 da dubu 400. Wato cikin kowace haihuwa 10, wajen guda 1. Ba abin kunya ba ne, kuma ba laifin uwa ba ne.

Can cikin ido, daga baya, akwai wani tantani mai laushi. Shina manne da bangon ido kamar yaɓe a jikin ɗaki. Bisa wanga tantani ne hoton abin da kake kallo ke sauka. Daga nan jijiyar gani ke ɗaukar hoton ta kai shi ƙwaƙwalwa.

Tantanin na bukatar jini don ya rayu. Ƙananan jijiyoyin jini suna fara tsiro a kanshi tun ciki na da wata 4. Suna farawa daga tsakiya, suna yaɗo zuwa gefe, kamar yadda wake ke yaɗo cikin gona. Ba su kai iyaka sai dab da haihuwa.

To, in jariri ya zo da wata 7, yaɗon bai gama ba. Tsakiya ta samu jini, gefe bai samu ba. Ga jarirai da yawa, jijiyoyin na ci gaba da yaɗo lafiya bayan haihuwa. Ga waɗansu kuwa, sai su tsaya. Daga baya su sake tsiro a hargitse, marasa ƙwari. Suna zubar da jini cikin ido. Suna yin tabo. Tabon ya ja tantanin har ya ɓamɓare shi daga bango. In ya ɓamɓare duka, yaro ya makance.

Duk wannan shina faruwa can ciki. Uwa ba ta ganin komi. Kaka ba ta ganin komi. Ranar da aka hango fari cikin baƙin ido, ko aka lura yaro ba ya bin haske da kallo, galibi an riga an makara.

2. Labarin iskar oksijan

Wani likitan ido na birnin Boston a Amurka, mai suna Theodore Terry, shi ya fara bayyana wanga ciwo a shekara ta 1942. A zamanin, ana sa bakwaini cikin kwalba, ana cika ta da iskar oksijan ba awo. Jarirai da yawa sun rayu, amma dubbai sun makance. Ba a gane dalili ba sai a 1951, lokacin da wata likita ta ƙasar Ostareliya, Kate Campbell, ta nuna yawan iskar na da hannu a ciki. Mawaƙin nan makaho na Amurka, Stevie Wonder, an haife shi kafin lokaci a 1950, kuma wanga ciwo ne ya ɗauke ganinshi.

Kada ka ce oksijan abin gudu ne. Shi ke ceton ran bakwaini. Amma magani ne, kuma kowane magani da ma'auninshi. Shi ya sa ake maƙala wa jariri wani ɗan abu mai jan haske a ƙafa ko a hannu. Shina nuna lamba. Ma'aikata na so lambar ta tsaya tsakanin 90 da 95. In kana jinyar jariri, kada ka taɓa makunnin iskar, ko don tausayi. Kira ma'aikaci.

Ciwon bai ƙare ba a duniya. Masana sun ƙiyasta a shekara ta 2010 kaɗai, jarirai wajen 20.000 sun makance ko ganinsu ya lalace ƙwarai saboda shi. Duk ƙasar da ta fara ƙwarewa wajen ceton ran bakwaini, sai ta fara cin karo da shi.

3. Wane jariri ya kamata a duba, kuma yaushe?

Ga waɗanda suka fi shiga haɗari:

– jaririn da aka haifa da wata 7 ko farkon na 8;
– jaririn da nauyinshi bai kai kilo 2 ba, balle wanda bai kai kilo 1 da rabi ba;
– bakwainin da ya daɗe bisa iskar oksijan;
– bakwainin da ya yi ciwo mai tsanani, ko aka ƙara mishi jini.

Lokacin duba na farko shi ne kafin jariri ya cika kwana 30 a duniya. Riƙe wannan lamba da kyau: 30.

A al'adarmu mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Wata ma tana can gidan iyayenta wajen wanka. Al'ada ce mai hutar da uwa. Amma idon bakwaini ba ya jiran arba'in. Kwana 10 da ke tsakanin 30 da 40 suna iya zama kwanakin da ciwon ke yin ƙarfi. Maigida, wannan magana taka ce. Kai za ka yi wa surukai bayani. Kai za ka nemi kuɗin mota.

Kafin a sallame ku daga matarnite, ka tambaya: «An duba cikin idon yaron nan? In ba a duba ba, ina za mu kai shi, kuma wace rana?» Ba kowane asibiti ke da likita da kayan wanga aiki ba. Ma'aikatan da suka yi jinyar jaririn su za su faɗa maka inda ake yi. Ka roƙi a rubuta wurin da ranar bisa takarda. Matambayi ba ya ɓata.

4. Yadda ake duba idon

Da farko ana ɗiga wani magani da ke buɗe ƙofar baƙin ido, don likita ya hango can ciki. Ana jira rabin awa zuwa awa guda. Sa'an nan a ɗiga magani na biyu, mai kashe zafi. Shina sa saman ido ya daina jin taɓi na ɗan lokaci.

Ana naɗe jariri cikin zane don ya ji ɗumi ya natsu. Waɗansu wurare ana ɗiga mishi nonon uwa ko ruwan sukari kaɗan a baki, don an gano zaƙi na rage wa jarirai jin zafi. Likita na sa wani ɗan ƙarfe mai riƙe fatar ido a buɗe. Shina da fitila a goshi da madubi a hannu. Aikin mintoci kaɗan ne.

Jaririn zai yi kuka. Uwa za ta ji abin har cikin ranta. Ki yi haƙuri, ƴar uwa. Ana gamawa za a miƙo miki shi.

Likita zai faɗi ɗaya cikin uku. Ko ya ce jijiyoyi sun gama yaɗo, ba sauran tsoro. Ko ya ce a dawo bayan sati 1 ko sati 2. Ko ya ce sai an yi aiki. Mafi yawan jariran da ciwon ya taɓa kaɗan suna warkewa da kansu. Amma ba mai sanin wanda zai warke da wanda ba zai warke ba, sai an sake dubawa. Don haka «a dawo» ba sallama ba ce.

5. In aka ce sai an yi aiki

Yau hanyoyi biyu ne aka fi bi. Ta farko ita ce leza, wato wani haske mai ƙarfi, siriri. Da shi likita ke ƙona gefen tantanin da bai samu jini ba. Daga wurin ne saƙon da ke sa mugun tsiro ke fitowa. In aka kashe wurin, tsiron ya tsaya, tsakiyar gani ta tsira. Hanya ta biyu ita ce ƴar allura cikin ido, mai ɗauke da maganin da ke hana mugun tsiron.

In likita ya ce a yi aiki, cikin kwana 2 ko 3 ake son a yi shi. Ba sati mai zuwa ba, ba bayan kasuwa ba. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Anan ne iyaye da yawa ke ja da baya. Suna jin an ce za a sa yaro barci, sai gabansu ya faɗi. Kaka ta ce: «Wannan ɗan tsurut ɗin, in ya yi barcin, zai tashi kuwa?» Tambaya ce mai kyau. Bari mu amsa ta da gaskiya.

6. Maganin sa barci

Domi ake ba jariri wanga magani? Dalili biyu ne. Na farko, jariri na jin zafi. A da, likitoci da yawa sun ɗauka bakwaini ba ya jin zafi kamar babba, har ana yi wa waɗansu aiki da magani kaɗan. A 1987 wani bincike da likita Anand da abokan aikinshi suka yi a Oxford ta Ingila ya nuna kuskure ne: jariran da aka ba maganin kashe zafi sosai sun fi murmurewa lafiya. Dalili na biyu, aikin leza na son ido ya tsaya cik. Aikin na iya kai awa guda ko fiye.

Maganin hawa uku ne:

– Na ɗigawa kaɗai. Yaro na farke, saman ido ne ke mutuwa na ɗan lokaci. Da shi ake duba ido, kuma galibi da shi ake yin ƴar allurar nan.
– Na gyangyaɗi. Ana sa shi ta jijiya. Yaro na lafawa, zafi na raguwa ƙwarai.
– Na cikakken barci. Yaro ba ya jin komi. Ana sa mishi siririn tiyo a maƙogwaro, na'ura na taimaka mishi da numfashi har a gama.

Likitan ido da likitan sa barci su ke zaɓa. Suna duba nauyin yaro, da ƙarfin huhunshi, da kayan aikin da ke wurin.

Akwai haɗari? I, akwai. Bakwaini na saurin yin sanyi. Sukarin jininshi na saurin faɗuwa. In aka danna ido, bugun zuciya na iya yin ƙasa. Babba cikinsu shi ne ɗaukewar numfashi: bakwaini kan manta da numfashi na ɗan lokaci, kuma maganin barci na ƙara wannan. Likitoci sun san duk waɗannan. Shi ya sa mutum guda ke tsaye kan yaron tun daga fari har ƙarshe, ba shi da wani aiki sai lura da numfashi, da zuciya, da ɗumin jiki. Shi ya sa kuma ba a sallamar yaro nan take. Ana riƙe shi a lura da shi awa 12 zuwa 24, ko fiye.

Ka auna abu biyu. A hannu guda, haɗarin da ake tsaye kanshi ana tsaro. A ɗaya hannun, makantar rayuwa duka.

Ga aikin da ya rage gare ku, iyaye:

– Ku bi lokacin da aka ce a tsai da shayarwa. Galibi awa 4 ne kafin aiki ga nonon uwa, awa 6 ga madarar gwangwani. In ciki na da abinci, yaro na iya amai cikin barci, aman ya shiga huhu. Kada a ba shi a ɓoye don ya yi kuka.
– In an ba shi jiƙo, ko bauri, ko wani magani a gida, ku faɗa. Ba don a yi muku faɗa ba ne.
– In shina tari, ko mura, ko zazzaɓi, ku faɗa.
– Za a ba ku takarda ku sa hannu. Ku karanta ta, ko a karanta muku. Abin da ba ku gane ba, ku tambaya.
– Bayan an dawo gida, in yaro ya ƙi nono, ko leɓunanshi sun canza launi, ko numfashinshi na tsayawa, ku koma asibiti nan da nan.

Bayan aiki ma akwai ranakun komawa. Wanda aka yi wa allura, ciwon na iya dawowa bayan watanni, don haka bibiyarshi ta fi tsawo. Kuma bakwaini, ko ya girma, ya fi sauran yara bukatar tabarau. A sake duba idonshi kafin ya shiga lakwal.

7. Ciwon manya: hawan jinin ido

Yanzu mu bar jarirai, mu dawo kanka, kai mai karatu. Ciwo na biyu naka ne, da na iyayenka, da na ƴan uwanka.

Mutane na ce mishi hawan jinin ido. Likitoci na ce mishi gilokom. Gaskiyar magana, ba jini ne ke hawa ba, ruwa ne. Cikin ido, ta gaba, akwai wani ruwa garai-garai. Kullum ido na yin sabo, tsohon na fita ta wata ƴar magudana. Ba shi ne hawaye ba. In magudanar ta fara toshewa, ruwan ya taru, ido ya yi tauri. Matsin ya riƙa danne jijiyar gani.

Jijiyar gani kamar igiya ce mai zare wajen miliyan 1. Matsi na kashe zaren ɗaya bayan ɗaya. Zaren da ya mutu ba ya sake tsiro.

Ka san yadda gara ke cin azara. Daga waje itace na nan lafiya, ciki ya zama gari. Haka wanga ciwo yake. Ba zafi. Ba ja. Gefen gani yake fara ci, ya bar tsakiya. Mutum na karatu, shina gane fuskar mutane, shina ƙirga kuɗi. Amma ya fara tuntuɓe. Ya fara karo da bakin ƙofa. Babur ya fito mishi daga gefe bai gan shi ba. A hankali ganin ya tsuke, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Daga nan sai duhu.

Kada ka haɗa shi da yanar ido. Yana, in aka yi aiki aka cire ta, gani na dawowa. Ganin da gilokom ya ci ba ya dawowa. Abin da magani ke yi shi ne tsare wanda ya rage.

Ciwon ya fi kama baƙar fata, kuma da wuri, kuma da ƙarfi. A Najeriya maƙwabciyarmu an yi babban binciken ido daga 2005 zuwa 2007. An tarar cikin mutum 100 masu shekara 40 ko fiye, 5 na da gilokom. Cikin masu ciwon, fiye da 9 cikin 10 ba su san suna da shi ba. Kuma 1 cikin 5 ya riga ya makance.

8. Wa ya kamata ya je awo?

– duk wanda ya kai shekara 40, ko idonshi lafiya lau;
– wanda uwa, ko uba, ko wa, ko ƙane ke da ciwon, ko suka makance ba a san dalili ba: shi kada ya jira 40;
– mai ciwon sukari;
– wanda ya taɓa buguwa a ido;
– wanda ya daɗe shina ɗiga maganin ido mai kortizon, irin wanda ake saye a kasuwa don ƙaiƙayi ko jan ido. Irin wanga magani na hawar da matsin ido. Kada ka ɗiga shi sai da takardar likita.

Akwai wani iri da ke zuwa farat ɗaya: ido ya yi ja, ya yi zafi ƙwarai, kai na sara, ga amai, gani ya dushe. Wannan ba ya kwana. Asibiti a ranar.

Jarirai ma ana haihuwar waɗansu da gilokom. Alamunshi: ido ya fi girma, baƙin ya yi hazo, hawaye na zuba kullum, yaro na gudun haske. Mutane kan yaba, su ce yaro mai manyan idanu. A kai shi a duba. Shi ma sau da yawa sai an sa shi barci kafin a auna idon da kyau, kuma maganinshi aiki ne.

9. Mi takardar turawa ke nufi?

A ce masu duba ido sun zo garinku, ko ka je asibitin gunduma. An ɗiga maka maganin kashe zafi, an taɓa idon da ɗan ma'auni. Ba ka ji komi ba. Ga yawancin mutane lambar na tsakanin 10 da 21. Taka ta nuna 27. Ko kuma ma'aikaci ya haska ya ga jijiyar ta yi rami. Sai ya rubuta maka takarda.

Takardar ba ta ce kana da gilokom ba. Cewa ta yi akwai shakka. Awo guda ba ya yanke hukunci. Wani lambarshi na sama amma jijiyarshi lafiya. Wani lambarshi daidai amma ciwon na cin shi. Sai likitan ido ya haɗa abu uku: ya sake auna matsi, ya duba jijiyar gani da kyau, ya gwada faɗin ganinka. Gwajin faɗin gani ba wuya: kana kallon wuri guda, duk lokacin da ka ga ɗan haske ya ƙyasta a gefe, sai ka danna.

A ƙasarmu asibitoci hawa-hawa ne. Daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa asibitin gunduma, daga nan zuwa babban asibitin jiha kamar na Maradi ko na Tahoua, sai manyan asibitocin ƙasa na Zinder da Niamey. Takardar ita ce tsanin. Tana faɗa wa likitan sama abin da na ƙasa ya gani. In ka tafi da ita, ba a faro bincike daga tushe.

Karanta abu huɗu a kanta: sunanka, wurin da za ka, ranar, da abin da aka auna. Ranar tafiya ka ɗauki duk magungunan da kake sha ko kake ɗigawa. Ka tafi da ɗan rakiya, don in aka ɗiga maganin buɗe ido, gani na dushewa na ƴan awowi. Kada ka tuƙa babur a ranar.

Mun sani tafiya na cin kuɗi. Ga aikin gona, ga kasuwa. Amma ka lissafa: in ka makance, wa zai yi noman? Wane yaro za a fidda daga lakwal ya zama ɗan jagora?

10. In aka tabbatar kana da shi

Kada ka yanke ƙauna. Wanda aka gano da wuri, ya kuma riƙe magani, galibi shina riƙe ganinshi har tsufa. Hanyoyi uku ne: maganin ɗigawa, leza, ko aiki da ke buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Ga manya, yawanci allurar kashe zafi a gefen ido ta isa, ba sai an sa barci ba.

In maganin ɗigawa aka ba ka, ka kiyaye waɗannan:

– Kullum ne, har iyakar rai, sai in likita ya canza. Ba a tsayawa don kwalba ta ƙare. Sayi wata tun ta farko ba ta ƙare ba.
– Ɗigo guda ya isa. Bayan ka ɗiga, rufe ido, ka danne lungun ido na wajen hanci minti 1 ko 2.
– In magani biyu ne, bar minti 5 tsakaninsu.
– Ba za ka ji ganinka ya ƙaru ba. Wannan ba ya nufin maganin ba ya aiki. Aikinshi tsaro ne.
– In kana da asma ko ciwon zuciya, faɗa wa likita. Akwai magani mai suna timolol da bai dace da masu asma ba.
– In azumi ya zo, kada ka aje maganin. Nemi likita ya daidaita maka lokutan.

Abu na ƙarshe, kuma babba: faɗa wa danginka. Ciwon na bin jini. Ƴan uwanka na ciki ɗaya da ɗiyanka manya su je awo. Takarda guda da ka kai na iya ceton idon gida duka.

Mu tuna

Idon da ke fari tas na iya zama da ciwo a ciki.
Bakwaini: a duba idonshi kafin kwana 30.
In aka ce a yi aiki: cikin kwana 2 ko 3.
Shekara 40: a je awon ido.
Takardar turawa ba ta kwana cikin aljihu.

A unguwarku akwai waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. In maƙwabci ya kawo maka irin wagga takarda, karanta mishi wurin da ranar. Sa'an nan ka tambaye shi: «Yaushe za ka tafi?»

Tambayoyi

1. Mi ya sa uwa ba ta iya ganin ciwon idon bakwaini da idonta?
2. Kafin kwana nawa ya kamata a duba idon bakwaini?
3. Faɗi dalili biyu da suka sa ake ba jariri maganin sa barci.
4. Domi ake tsai da shayarwa kafin aiki?
5. Mi ya bambanta yanar ido da gilokom?
6. Waɗanne abubuwa huɗu za ka karanta bisa takardar turawa?

Mu tattauna

Wata mata ta haifi bakwaini. Takardarta ta ce a kai shi duban ido ranar da ya cika kwana 28. Uwar mijinta ta ce ba inda za ta sai ta yi arba'in. In kai ne mijin, ko ke ce maƙwabciya, mi za ku ce wa tsohuwa, cikin ladabi, har ta yarda?

Aikin rubutu

Rubuta sunayen mutanen gidanku da suka kai shekara 40. Gaban kowane suna, rubuta «an auna» ko «ba a auna ba».